BAƘI ƊAYA, KARATU DABAM-DABAM
Labarin alamomin da ke buɗe littafin gado cikin jikin ɗan Adam, su kuma rufe shi

Duk wanda ya yi babbaƙu gaban malami, sa'an nan ya yi farfaru, ya san baƙi shi kaɗai ba ya isar da karatu. Ga kaf da ta da ba, haruffa uku ke nan. In an sa musu wasali iri kaza, ma'ana ita ce ya rubuta. In an sauya wasalin, ma'ana ta koma an rubuta. In an sake sauyawa, sai a ce littattafai. Baƙar tawada ba ta motsa ba, 'yan ɗigon jan tawada ne su ka juya zancen. To, masana ilmin halitta sun gano wani al'amari mai kama da wannan cikin jikin mutum, da na dabba, da na tsiro. Shi ne za a bayyana a nan, gama ya shafi cuta da magani, har da cututtukan da su ka fi addabar ƙasashen Hausa.

FASALI NA FARKO: LITTAFI ƊAYA A KOWANE ƊAKI

An gina jikin mutum da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu ya kai kamar tiriliyan 30, ire-irensu kuwa sun fi 200: akwai na fata, akwai na hanta, akwai na ƙwaƙwalwa, akwai na jini. In ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yar da cibiyarsu in sun nuna, kowace ƙwaya tana da cibiya, cikin cibiyar kuwa akwai wani zare siriri wanda a ke kira DNA, watau zaren gado. Haruffa huɗu kaɗai a ke rubutu da su a kan zaren nan, amma jerinsu ya kai wajen biliyan 3 daga uwa, da kamar hakan daga uba. Cikin wannan dogon rubutu akwai babi kimanin 20,000, kowane babi yana faɗin yadda za a harhaɗa furotin. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki: wani ya ɗauki iska cikin jini, wani ya narka abinci, wani ya zama gashi ko farce.

Abin mamaki shi ne, littafin da ke cikin ƙwayar ido shi ne cikin ƙwayar hanta. A 1962 wani Bature mai suna John Gurdon, a jami'ar Oksfod ta Ingila, ya zare cibiya daga ƙwayar hanjin talibambam na wani kwaɗon Afirka, ya dasa ta cikin ƙwan kwaɗo wanda aka kashe tasa cibiyar. Waɗansu ƙwayayen su ka ƙyanƙyashe talibambam sosai, mai kai da ido da wutsiya, yana iyo. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da babin ido ba, rufe shi kurum ta yi.

Yadda a ke karanta babi kuwa shi ne, littafin ba ya fita daga cibiya, kamar yadda mai littafi ƙwaya ɗaya tak ba ya ba da aronsa. Sai dai akwai wani furotin, kamar magatakarda, wanda ke bin zaren yana juyar babin da a ke bukata a kan wani gajeren zare mai suna RNA. Wannan juyin shi ke fita waje, a bi abin da ya ce, a ƙera furotin. Saboda haka duk maganar ta tsaya a wuri ɗaya: wa ke ba magatakarda izinin juyar wannan babi, ya hana shi wancan?

FASALI NA BIYU: ZARE DA KWARKWARO

In da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya ɗaya a miƙe shi, tsawonsa zai kai mita 2, watau yadi biyu da 'yan kai. Cibiyar da aka cusa shi ciki kuwa faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Masaƙi ya san zare mai tsawo in ba a naɗe shi a kwarkwaro ba, sai ya cukuikuye. Haka abin ya ke a nan. Kwarkwaron shi ne wani irin furotin mai suna histon, wanda Bajamushe Albrecht Kossel ya fara fitarwa daga jinin dinya a 1884.

Shekaru masu yawa ana ɗaukar histon kamar tsummar ƙunshi, ba ta da wani aiki sai riƙe kaya. A 1950 Edgar Stedman da matarsa Ellen, a Edimbara, su ka ce watakila histon ne ke danne babin da ba a so a karanta. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana yadda tsarin ya ke, a shekarar kuma Ada Olins da Donald Olins su ka buga hoton da su ka ɗauka da madubi mai ƙarfi, aka ga zaren da ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond, a Zurik, su ka fitar da siffar ƙulli ɗaya filla-filla: histon takwas ne, iri huɗu, biyu-biyu, dunƙule wuri ɗaya, zare mai haruffa kamar 147 ya kewaye su, kewayen bai cika sau biyu ba. Kowane histon kuma yana da wutsiya wadda ta leƙo waje tana reto.

Abin da ke manne zaren da kwarkwaronsa shi ne ƙarfin lantarki iri biyu masu jan juna, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Zaren yana ɗauke da iri ɗaya, wutsiyar histon tana ɗauke da ɗayan, musamman a wuraren da wani tubalin furotin mai suna laisin ya ke. Inda naɗin ya yi tsauri, ƙulle-ƙullen su ka cushe, magatakarda ba ya samun wurin sa ƙafa. Inda ya yi sako-sako, sai ya shiga.

FASALI NA UKU: MUTUMIN DA YA RIGA ZAMANINSA

A 1964, a cibiyar bincike ta Rockefeller da ke Niyu Yok ta Amurka, Vincent Allfrey da abokan aikinsa biyu, Faulkner da Mirsky, suna aiki da cibiyoyin da su ka fitar daga wata kaluluwa ta ƙirjin maraƙi. Sai su ka ga bayan an gama ƙera histon, ƙwaya takan zo ta liƙa masa waɗansu 'yan alamomi. Ɗaya sunanta asetil, zarra 6 ce kacal, dangin abin da ke sa ruwan khal tsami. Ɗaya kuma metil, zarra 4. Su ka lura histon mai asetil ba ya hana juyin RNA kamar yadda wanda ba shi da ita ke hanawa. Dalilin da aka kawo shi ne, in asetil ta hau kan laisin sai ta kashe ƙarfin lantarkinsa, riƙon ya saki. Allfrey ya ce, watakila da wannan ne ƙwaya ke buɗe babi ta rufe babi.

Mutane da yawa ba su kama maganar ba, domin babu wanda ya ga hannun da ke sa alamar. Ganin hayaƙi tare da wuta kuma bai nuna wa ya hura ta ba: mai yiwuwa ne alamar ta zo bayan an buɗe babin. Aka yi shekaru a haka. Daga 1988 Michael Grunstein, a Los Anjalis, ya shiga gwaji da yisti, irin wanda ke kumbura burodi. Ya riƙa datse wutsiyar histon ko ya sauya laisin ɗinta, sai ya ga waɗansu babobi sun buɗe ba a so ba, waɗansu sun ƙi buɗewa.

Hujja mai yankewa ta zo a 1996. David Allis da almajirinsa James Brownell, a jami'ar Rocesta, su ka zaɓi wata 'yar halitta ta cikin kududdufi mai suna Tetrahymena, wadda ke da cibiya biyu, ɗaya tana aiki tana cike da asetil, ɗaya tana shiru. Daga mai aikin su ka kamo furotin ɗin da ke liƙa asetil. Da su ka duba shi, sai ga shi ɗan'uwan wani furotin ne na yisti wanda tuni aka san aikinsa buɗe babobi. A shekarar nan dai Stuart Schreiber da Jack Taunton, a jami'ar Habad, su ka kamo wanda ke cire asetil, shi ma ya zama ɗan'uwan wani furotin na yisti da aka sani wajen sarrafa karatun babobi. Mai sawa da mai cirewa duka sun shiga hannu, shekara 32 bayan maganar Allfrey. Ya kuwa ga wannan rana da idonsa, gama sai 2002 ya rasu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A 2018 aka ba Grunstein da Allis lambar girma ta Lasker saboda wannan aiki.

FASALI NA HUƊU: MAI RUBUTAWA, MAI WANKEWA, MAI KARANTAWA

Masana sun kasa ma'aikatan nan kashi uku. Akwai masu rubuta alama, akwai masu wanke ta kamar yadda a ke wanke allo, akwai kuma masu karanta ta. Na ukun su ne su ka nuna al'amarin ya fi sassauta naɗi zurfi. A 1999 aka gano waɗansu furotin suna da wani ɗan aljihu wanda laisin mai asetil ke shiga daidai wa daida. In sun kama, sai su kira masu ture ƙulle-ƙulle su share hanya, su kira magatakarda. Alamar ta zama kamar shaidar da fatake ke yi a jikin buhu: ba ta ƙara wa kayan nauyi, amma ɗan dako yana ganinta ya san gidan da zai kai.

Metil kuwa ta fi kama da wasali, domin ma'anarta tana bin wurin da aka ɗora ta. A wutsiyar histon da a ke kira H3, in an sa metil uku a laisin na 4, galibi alama ce ta bakin babin da ke buɗe. In an sa su a laisin na 9 ko na 27, rufi ke nan. A 2000 Thomas Jenuwein, a Biyana, ya gano mai rubuta ta wuri na 9. Shekara na zagayowa aka ga wani furotin mai suna HP1 yana kama wannan alama, shi kuma ya jawo mai rubutawar, a sa wa ƙulli na gaba, rufin ya yi ta yaɗuwa bisa zaren. An daɗe ana zaton metil ba ta wankuwa, sai a 2004 Yang Shi, a Habad, ya gano mai wanke ta.

Sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, ana raba tsofaffin histon tsakanin zare biyun, masu rubutu su dubi tsohuwar alamar rufi su maimaita ta a kan sababbi. Wannan yana cikin dalilan da ke sa ƙwayar hanta ta haifi ta hanta. Mai son gani da ido, ya dubi kyanwa mai launi uku, ja da baƙi da fari: kusan kullum mace ce. Mace tana da damin gado mai suna X guda biyu, namiji ɗaya. A 1961 Mary Lyon ta Ingila ta bayyana cewa tun cikin mahaifa kowace ƙwaya takan rufe ɗaya daga cikin biyun, ta bar ɗaya. Inda aka bar mai ɗauke da ja, gashi ya fito ja, inda aka bar ɗayan ya fito baƙi. Metil ta wuri na 27 tana cikin hatiman da ke riƙe wannan rufi.

Tawadar rubutun kuwa daga abinci ta ke. Asetil tana fitowa ne in jiki ya sarrafa sukari da kitse, metil kuma daga wani tubalin furotin na cikin abinci, da taimakon folik asid da bitamin B12.

FASALI NA BIYAR: BA HISTON KAƊAI BA

Kada a zaci kwarkwaro kaɗai a ke yi wa alama. Tun 1955 Edmond Fischer da Edwin Krebs, a Siyatil, su ka nuna ana ta da furotin aiki ko a kwantar da shi ta wajen liƙa masa fosfet ko cire ta, aka ba su lambar Nobel a 1992. Magatakardan kansa yana da wutsiya mai tubali bakwai da aka maimaita sau 52 a jikin mutum, ba ya kuwa barin bakin babi ya kama hanya sai an ɗora masa fosfet a kanta.

Ga misali mai daɗin fahimta. Akwai wani furotin mai suna HIF wanda ƙwaya ke ƙerawa dare da rana. In iskar oksijin ta wadata, ana ɗaukar oksijin ɗin a yi masa tabo da ita. Wani furotin ya ga tabon, ya rataya masa alamar kayan zubarwa, nan da 'yan mintoci an niƙe shi. In oksijin ta yi ƙaranci, kamar ga wanda ya hau tsauni mai tsawo ko ya zub da jini, babu abin yin tabon. Sai HIF ya taru, ya hau zaren gado, ya buɗe babin da ke sa ƙoda ta aika wa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza su ka sami Nobel a 2019 saboda warware wannan.

FASALI NA SHIDA: INDA ABIN YA TAƁA GIDA

Na farko amosanin jini, watau sikila. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da irinta ba ya ciwo. Asalinta harafi ɗaya ne ya sauya cikin babin furotin da ke ɗaukar iska a jinin babba. Amma a 1948 wata likita a Niyu Yok, Janet Watson, ta lura jinin jarirai sabuwar haihuwa bai cika lanƙwashewa ba. Dalili, ɗan tayi yana da nasa babin dabam, lafiyayye, wanda a ke rufewa sannu a hankali cikin watanni shida na farko, daga nan ne ciwon ke fara nuna kansa. A 2008 Stuart Orkin da mutanensa, a Boston, su ka nuna mai tsaron ƙofar wani furotin ne, BCL11A, cikin abokan aikinsa kuwa akwai masu wanke asetil.

Tun 1978 an san wani sinadari mai suna butiret, wanda ke cikin abin da ke ba tsohon man shanu wari, yana hana masu wanke asetil aiki. A 1993 Susan Perrine ta ba da labarin 'yan marasa lafiya da aka ɗura wa shi ta jijiya, babin ɗan tayi ya ɗan buɗe. Amma jiki yana ƙone shi da sauri, sai an yi ta ɗuri, saboda haka bai zama maganin yau da kullum ba, shan man shanu kuwa ba ya yin wannan aiki ko kusa. Ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda Amurka ta yarda da ita don sikila a 1998, tana ƙara jinin ɗan tayi ta wata hanya, tana kuma rage yawan tashin ciwo. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka su ka yarda da Casgevy, inda a ke fitar da ƙwayoyin da ke haifar jini daga jikin mara lafiya, a lalata mabuɗin BCL11A a cikinsu, a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, mai karatu ya yi lissafin buhu nawa ke nan.

Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar, in ta shiga jan ƙwayar jini, takan fitar da wani furotin a bayanta wanda ke manne ta da bangon jijiya, don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Tana da babi kamar 60 na wannan furotin, amma ɗaya tak ta ke buɗewa a lokaci guda. A 2005 masana a Faris da Melbon su ka nuna wani mai wanke asetil yana cikin masu rufe sauran, daga baya aka ga metil ta wuri na 9 da HP1 a kansu, hatimin nan dai da aka ambata. In garkuwar jiki ta gane riga ɗaya, waɗanda su ka sauya riga cikinsu sai su tsira su yaɗu. Ɓarawo mai riga 60 yana da wuyar shaida. Wannan yana cikin dalilan da ke sa sai mutum ya sha zazzaɓi shekara da shekaru kafin jikinsa ya saba, ya sa kuma ƙananan yara su ne cutar ta fi kashewa.

Na uku ciwon daji. A 2006 Amurka ta yarda da borinostat, magani mai hana wanke asetil, don wani irin daji na fararen ƙwayoyin jini mai fitowa a fata. A 2012 kuma aka gano galibin yaran da wani mugun ƙari ke kamawa a gindin ƙwaƙwalwa, laisin na 27 ne ya sauya a histon ɗinsu, har hatimin rufi ya lalace cikin ƙwayar.

KAMMALAWA

Abin riƙewa biyu ne. Abin da ke cikin baƙi ba ya wankuwa da abinci ko da jiƙo, shi ke bin zuriya. Saboda haka gwajin jini kafin a ɗaura aure, da kai jariri asibiti da wuri, da gidan sauro ga yara, sun fi duk wani magani da aka ambata a nan araha. Abin da ke cikin alama kuwa yana rubutuwa yana wankuwa, shi ya sa likitoci su ka sa rai a kansa. Amma masu rubutu da masu wankewa suna aiki ne a kan dubban babobi, maganin da ya taɓa su yakan buɗe abin da ba a nufa ba. Maganin farfaɗiya mai suna balfuro'et, wanda aka gano a 2001 yana hana wanke asetil, an san yana iya naƙasa ɗan da ke ciki, mai juna biyu ba ta shan sa ko ta bar shi sai da shawarar likita. Galibin alamomin nan kuma ana share su ne in sabon ciki ya shiga, a fara rubutu daga fari. Don haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa zai gyara wa mutum gadonsa har jikoki, a tambaye shi inda aka gwada, da mutum nawa, da abin da ya same su, kafin a kwance bakin jaka.

Tamat.